Tarihin gudan jini a jijiya: lambar da ta dace da shi da kulawar da ta rage

Tambaya

Likita, ban daɗe da fara aikin sa lambobin cututtuka a fayil ɗin marasa lafiya ba, da kundin ICD-10-CM muke aiki. Ina da fayil ɗin wani mutum mai shekara 58. Shekara biyu da suka wuce jini ya daskare masa a jijiyar cinyarsa ta hagu, ba tiyata aka yi masa ba, ba haɗari ya yi ba. A ganin da aka yi masa na wannan watan likitansa ya rubuta: "Tarihin DVT, ƙafar hagu. Ya ci gaba da apixaban miligiram 2.5 sau biyu a rana." Abokiyar aikina ta ce tunda yana shan wannan maganin tsinka jini ciwon yana nan, in sa masa I82, lambar gudan jini mai ci. Ni kuma ina ganin Z86.718 ce, lambar tarihin gudan jini. Wa ya yi daidai? In kuwa da gaske tarihi ne, me ya hana shi daina magani?

Amsa

'Yar'uwa, bisa abin da likitan ya rubuta, ke ce kika yi daidai. Lambar ita ce Z86.718, ki bi ta da Z79.01, wadda ke nuna mutum yana kan maganin tsinka jini na dogon lokaci. Amma kada ki ɗauki maganar abokiyar aikinki a matsayin shirme. Tunani ne da ke zuwa wa kowa da farko, har da likitoci, kuma sai kin fahimci inda ya kauce sannan za ki iya tsayawa a kan lambarki in an tambaye ki.

Bari mu fara da abin da ke faruwa a cikin ƙafar. Jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya akwai na sama-sama da ake gani a ƙarƙashin fata, akwai kuma na can ciki tsakanin tsoka. In jini ya daskare a na ciki, shi ne abin da ake rubutawa DVT. Haɗarinsa babba shi ne wani ɓangare na gudan ya ɓalle, ya bi jini ya ratsa gefen dama na zuciya, ya je ya toshe jijiyar huhu. Tun ƙarni na 19 aikin Rudolf Virchow, likitan nan na Jamus, ya share hanyar gane abubuwa uku da ke haddasa shi: jini ya rage gudu, bangon jijiya ya ji rauni, ko jinin kansa ya zama mai saurin daskarewa.

Sunan da muke kiran maganin da shi, wato maganin tsinka jini, yana ɗan ɓatar da mutane. Ba ya narkar da gudan da ya riga ya samu. Abin da yake yi shi ne ya hana gudan ƙara girma, ya hana wani sabo samuwa, jiki kuma da kansa ya yi ta cin tsohon a hankali cikin makonni da watanni. Wata uku na farko, wani lokaci har shida, shi ne zangon magance ciwon. Abin da aka sha bayan nan yawanci rigakafi ne, don kada a koma gidan jiya. Ƙwayar ɗaya ce, kwalin ɗaya ne, amma aikin ya canza. Nan ne abokiyar aikinki ta zame: ta ga magani ta ɗauka dole akwai ciwo a yau.

Adadin da mutumin naki yake sha ma yana ba da labari. Mai sabon gudan jini ana fara masa apixaban da miligiram 10 sau biyu a rana har kwana 7, sannan a sauko zuwa 5 sau biyu. Miligiram 2.5 sau biyu kuwa adadi ne da aka tanada wa wanda ya cika aƙalla wata shida yana magani, ake son kare shi daga dawowar ciwon. Haka rivaroxaban, wani maganin irinsa: miligiram 15 sau biyu na kwana 21, sai 20 sau ɗaya tare da abinci, bayan wata shida ana iya saukowa zuwa 10. Wannan sani zai taimaka miki ki gane fayil, amma ba a kansa za ki ɗora lamba ba. Mai sa lamba ba ya gano cuta daga adadin magani. Abin da likitan da ya ga mara lafiya ya rubuta shi ne madogara.

Kundin ya raba gudan jinin ƙafa gida uku. Sabo, wanda ake magancewa yanzu, yana ƙarƙashin I82.4, kuma lambar tana tafiya har ta faɗi jijiyar da gefen: I82.412 sabon guda ne a jijiyar cinyar hagu, I82.431 na jijiyar bayan gwiwar dama. Daɗaɗɗe, wanda ya zauna bai tafi ba kuma likita yana kula da shi a matsayin ciwon da ke nan, yana ƙarƙashin I82.5, misali I82.512. Na uku shi ne wanda ya wuce, Z86.718. Kundin bai yanka wa'adi ba. Babu inda ya ce bayan wata uku sabo ya zama daɗaɗɗe, ko bayan shekara ya zama tarihi. Wasu wuraren aiki suna ƙirƙirar wa kansu irin wannan ƙa'ida, ni kuwa ina ganin haɗari ne a gare su, don ranar da aka zo bincike rubutun likita za a nema, ba al'adar ofis ba. Ki kuma lura da gargaɗin da ke ƙarƙashin I82.5, wanda ya hana haɗa ta da Z86.718: gudan nan ɗaya ba zai zama yana nan kuma ya wuce a lokaci guda ba.

Akwai wani rami da ya fi kowanne cin mutane. In likita ya rubuta "DVT" kawai, bai ce sabo ba, bai ce tarihi ba, fihirisar kundin za ta kai ki I82.40, wato rukunin sabo. To ga yadda abin yake faruwa: an sa DVT a jerin matsalolin mara lafiya a kwamfuta ranar da aka gano shi, kuma duk zuwan da ya yi jerin yana kwafo kansa zuwa sabon shafi. Shekara huɗu bayan nan mutum yana yawonsa lafiya lau, takarda kuwa tana cewa duk wata uku yana samun sabon gudan jini. Na sha buɗe fayil in tarar da haka, kuma ba wanda ya yi ƙarya da gangan. Ba a dai samu wanda ya tsaya ya gyara layi ɗaya ba.

In rubutu ya yi karo da juna, misali a sama an ce tarihi, a ƙasa an ce "DVT, ana magani", ko rahoton sikanin ya ambaci ragowar tsohon guda alhali likita bai ce komai a kai ba, kada ki zaɓa wa likita. Ki aika masa tambaya a rubuce, kuma ki tsara ta yadda ba za ta ja shi zuwa amsa ɗaya ba. Ki kawo abin da ke cikin fayil, ranar da aka gano gudan, maganin da adadinsa, abin da sikanin ya nuna, sannan ki ce: "Likita, don Allah a fayyace matsayin gudan jinin ƙafar hagu a wannan gani: sabo ne, daɗaɗɗe ne da ke nan, ya wuce ana ba da magani don rigakafi, ko wani abu dabam?" Kada ki ambaci kuɗi a tambayar ko da wasa. Likitoci da yawa suna amfani da kalmar tarihi suna nufin "ya daɗe yana fama da shi", alhali a wajen mai sa lamba tana nufin "ya wuce". Rabin rikicin wannan fanni daga wannan kalma guda yake fitowa.

Me ya sa ake wannan tsanani? A Amurka, inda ICD-10-CM ta fara aiki ranar 1 ga Oktoba, 2015, kuɗin da gwamnati ke biyan kamfanonin inshora a tsarin Medicare Advantage yana ƙaruwa gwargwadon nauyin cututtukan da aka rubuta wa mutum. Lambar tarihi ba ta ƙara komai a wannan lissafi. Shi ya sa ofishin babban sufeto na ma'aikatar lafiyar ƙasar ya sa gudan jini cikin cututtukan da yake bin diddiginsu, musamman inda aka sa lambar ciwo mai ci alhali babu alamar an ba mutumin maganin tsinka jini, kuma in an buɗe fayil sai a ga tarihi ya kamata a rubuta. Wannan ɓangaren kuɗi ke nan. Ni abin da ya fi damuna shi ne mara lafiyar. Lambar sabon guda a kan wanda ya warke tana iya sa a ɗage masa tiyatar da yake bukata, don likitoci suna gudun yin tiyatar da ba ta gaggawa ba cikin wata uku na farko bayan guda. Tana iya bin sa har wajen neman inshorar rai. Tana kuma gurɓata ƙididdigar da ake dogara da ita wajen sanin yawan masu kamuwa.

Kuskuren ɗaya gefen, wato a bar tarihin ya ɓace gaba ɗaya, shi ne wanda na ga ya kusa kashe mutum. A wani asibiti da na taɓa aiki an kawo mana wata mata 'yar shekara talatin da 'yan kai. Tana zaune a bakin gado ta dafa gwiwoyinta, ba ta iya haɗa kalma huɗu ba tare da ta tsaya ta ja numfashi ba, bugun zuciyarta ya haura 120. Da na tambaye ta ko jini ya taɓa daskare mata, sai ta ɗaga yatsa ta nuna ƙafarta ta hagu. Shekaru biyar kafin nan ta yi gudan jini bayan haihuwa, ta sha magani ta gama. Da aka sauya tsarin kwamfuta, tarihin bai bi ta zuwa sabon fayil ba. Wata biyu kafin zuwanta aka rubuta mata ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin estirojin, wadda ba a ba wanda ya taɓa gudan jini. Hoton ƙirji ya nuna guda a jijiyoyin huhu biyu. Allah ya yi da sauran kwananta, ta tashi. Amma tun daga ranar ban sake kallon Z86.718 a matsayin lambar cika takarda ba. Ita ce ke tsaye a madadin mara lafiya a gaban likitan da bai san shi ba.

Lambar tana da maƙwabta da ya kamata ki riƙe. Tarihin gudan huhu yana da tasa, Z86.711, kuma in mutum ya taɓa yin na ƙafa da na huhu ki sa duka biyun. Tarihin kumburin jijiya mai haɗe da guda Z86.72 ne. In mai shan warfarin, tsohon maganin tsinka jini, ya zo don a auna masa INR kawai, wato gwajin da ke nuna yadda maganin ya tsinka jininsa, Z51.81 ce ke gaba, sai Z79.01, sai lambar tarihin. In ya gama magani ya zo a duba shi a tabbatar komai lafiya, Z09 ce ke gaba. Asfirin ba ya shiga Z79.01, tasa lambar Z79.82. Wanda aka sa wa matata a babbar jijiyar ciki don tare guda, Z95.828, kuma ganin wannan lambar ya kamata ya sa likita ya tambayi kansa ko lokacin cire ta bai yi ba, don yawancinsu na wucin gadi ne kuma ana mantawa da su.

Abin da ya haddasa gudan kuwa, in yana nan, ba tarihi ba ne. Wanda ya gaji matsalar Factor V Leiden, mai sa jini saurin daskarewa, yana tare da ita har ƙarshen rayuwa, lambarta D68.51. Ciwon garkuwar jiki da ake kira APS, wanda shi ma ke sa jini daskarewa, D68.61. Waɗannan ana sa su a matsayin cuta mai ci, a gefen Z86.718. In INR ya yi sama alhali mutum yana shan magani yadda aka ce, ba tare da zubar jini ba, R79.1 ce da T45.515A, in jini ya zuba saboda maganin, D68.32 ce ke shigowa tare da lambar inda jinin ya zuba. In kuma mai tarihin ya zo da kumburin ƙafa likita ya rubuta "ana zargin DVT", a ɓangaren waɗanda ba a kwantar ba ba a sa lambar zargi. Alamar ake sa wa lamba, ciwon ƙafa ko kumburi, har sai an tabbatar.

Duk wannan na kundin Amurka ne, wanda ake sabuntawa kowace shekara, don haka ki duba bugun da ya dace da ranar ganin. Ƙasashen da ke aiki da ICD-10 ta Hukumar Lafiya ta Duniya ba su da wannan rarrabuwa: tarihin yana faɗawa cikin Z86.7 tare da sauran cututtukan zuciya da jijiyoyi, shan maganin tsinka jini Z92.1, gudan ƙafa mai ci kuma I80.2. ICD-11, wadda ta fara aiki a Janairun 2022, tsarinta dabam ne kuma.

Yanzu ga rabin tambayarki na biyu, wanda a ganina ya fi muhimmanci. Me ya sa bai daina magani ba? Amsar tana cikin jimla ɗaya da kika rubuta: ba tiyata aka yi masa ba, ba haɗari ya yi ba. Likitan da ke yanke shawarar tsawon magani abin da yake fara tambaya shi ne, me ya jawo gudan farko, kuma abin yana nan ko ya tafi? Wanda ya yi guda bayan babbar tiyata, kamar sauya gwiwa ko ƙugu, dalilin ya wuce tare da jinyar. In ya daina magani bayan wata uku, yiwuwar dawowa kusan 1 cikin 100 ce a shekarar farko, kusan 3 cikin 100 a shekara biyar. Wannan ya isa a ce masa ya huta. Wanda nasa ya zo haka kawai babu dalilin da aka gani, lissafin ya sha bamban: kusan 10 cikin 100 a shekarar farko, 25 zuwa 30 cikin 100 a shekara biyar. Maza sun fi mata yawan maimaitawa. Mai ciwon daji da ke ci, nasa ya fi haka ma. Ci gaba da magani yana rage wannan haɗari da kashi 80 zuwa 90 cikin 100, asfirin kuwa kusan kashi ɗaya bisa uku kawai yake ragewa, shi ya sa ba ya maye gurbinsa. Mutumin naki namiji ne, gudansa a cinya ne ba a sha-raɓa ba, kuma ba a san dalili ba. Yana cikin waɗanda aka fi ba shawarar su ci gaba ba tare da an sa ranar dainawa ba.

Ba a samun wannan kariya kyauta. Cikin mutum 100 da ke kan magani na dogon lokaci, 1 zuwa 2 suna samun zubar jini mai tsanani a shekara, kuma adadin yana hawa da tsufa, da ciwon ƙoda, da ƙarancin jini, da gyambon ciki. Saboda haka "ya ci gaba da magani" shawara ce da ake sake aunawa aƙalla sau ɗaya a shekara, ba hukunci ne na dindindin ba. A wannan zama ana duba aikin ƙoda, don waɗannan magunguna ta ƙoda wani kasonsu ke fita. Ana duba yawan jini. Ana tambaya ko bayan gida ya yi baƙi, ko fitsari ya yi ja, ko haɓo ya yawaita, ko al'ada ta yi nauyi. Ana bin sauran magungunan da yake sha ɗaya bayan ɗaya. Masu kashe zafi irin su ibuprofen da diclofenac suna ƙara zubar jini, kuma mutane ba sa lissafa su cikin magani in ba a ambace su da suna ba. Rifampicin na tarin fuka da carbamazepine na farfaɗiya suna rage ƙarfin maganin har ya zama kamar ba a sha. Mai warfarin kuma ana son INR ɗinsa ya zauna tsakanin 2 da 3. Duk da sababbin magunguna sun karɓe fage, warfarin bai yi ritaya ba: mai APS mai ƙarfi, wanda gwaje-gwajensa uku duka suka nuna, warfarin ne ya fi kare shi, kamar yadda binciken TRAPS na 2018 ya nuna da aka gwada shi da rivaroxaban.

Wanda ya daina magani ma bai fita daga lissafi ba. Duk ranar da za a yi masa tiyata, ko a kwantar da shi a asibiti, ko a sa masa siminti a ƙafa, tarihin nan yana tura shi rukunin masu bukatar allurar rigakafi. Mace mai wannan tarihi ba a ba ta maganin tazarar haihuwa mai estirojin. Akwai na sakawa a mahaifa da na dasawa a dantse da suka fi mata aminci. In ta samu juna biyu, allurar heparin mai ƙaramin nauyi ake amfani da ita, don warfarin yana illata halittar ɗan tayi, musamman tsakanin mako na 6 da na 12, sababbin ƙwayoyin kuma ba a ba mai ciki. Mako shida na bayan haihuwa su ne mafi haɗari, kuma a nan ne aka fi sakaci, don hankalin kowa ya koma kan jariri. Tafiyar da ta wuce awa huɗu a zaune, a jirgi ko a mota, tana bukatar tashi a taka, motsa idon sawu, da safar matsi ga wanda likita ya ba shawara.

Akwai kuma abin da gudan ke bari a baya ko da ya tafi. A cikin jijiyoyin ƙafa akwai 'yan ƙananan ƙofofi da ke hana jini gangarowa ƙasa. Guda yana lalata su, ya bar tabo a bangon jijiya. Sai mutum ya riƙa jin ƙafa ta yi nauyi da yamma, takalmin da ya shiga da safe ya matse shi da la'asar, fatar saman idon sawu ta yi duhu ta yi tauri, wani lokaci ta fashe ta zama gyambon da ke ƙin warkewa. Wannan yana samun kashi 20 zuwa 50 cikin 100 na waɗanda suka yi guda a cinya ko sama da ita, mai tsanani kuma kashi 5 zuwa 10. A wajenki wannan cuta ce mai ci, tana ƙarƙashin I87.0, da gefen ƙafa da ko akwai gyambo: I87.002 ta hagu ce babu gyambo, I87.012 ta hagu da gyambo, sai ki ƙara lamba daga L97 don wuri da zurfinsa. Da can ana ba kowa safar matsi don hana wannan, amma binciken SOX na 2014 bai ga ta hana ba. Tana dai rage kumburi da nauyi ga wanda ya riga ya samu, kuma wannan ma ba ƙaramin sauƙi ba ne ga mai tsayuwa duk yini.

Na huhu ya fi wuyar ganewa. Kusan mutum 2 zuwa 4 cikin 100 na waɗanda suka tsira daga gudan huhu, gudan ba ya narkewa, sai ya zama tabo ya ɗaga hawan jinin huhu. Alamarsa haki ne da ba ya tafiya bayan wata uku ana magani, kuma sau da yawa ana ɗora shi a kan ƙiba ko rashin motsa jiki har a ɓata shekara. Lambarsa I27.24, daɗaɗɗen gudan huhu kuma I27.82. Dalilin da ya sa nake nanata shi shi ne ana iya yi masa tiyata a kankare tabon, mutum ya dawo numfashi kamar da.

Ranar da mai tarihi ya dawo da ƙafa a kumbure, ga abin da ake yi. Ana sa tef ɗin awo a santimita 10 ƙasa da ƙashin nan da ya turo a ƙasan gwiwa, a zagaye sha-raɓa, a gwada da ɗaya ƙafar; bambancin da ya kai santimita 3 abin lura ne. A ma'aunin Wells da likitoci ke amfani da shi, taɓa yin DVT shi kaɗai maki ɗaya ne. Sai sikanin: ana danna kan na'urar a kan jijiya, lafiyayya tana lotsewa bangonta ya haɗu, mai guda kuwa tana tsayawa a buɗe. Matsalar ita ce a kusan rabin mutane jijiyar ba ta komawa daidai ko bayan shekara guda, don haka mai sikanin zai ga abu ya rasa ko sabo ne ko tsohon tabo. Shi ya sa nake son a yi wa mutum sikanin a lokacin da zai daina magani, a adana rahoton. Ranar rikici shi ne abin gwadawa, kuma shi ne zai raba ki da zullumin I82.4 ko I82.5 ko Z86.718, don likita zai samu abin da zai tsaya a kai ya rubuta a fili. Mara lafiyar kuma a gaya masa ba ɓoye-ɓoye: numfashi ya ɗauke kwatsam, ciwon ƙirji mai ƙaruwa in an ja iska, tarin jini, ko suma, ba abin jira zuwa gobe ba ne.

Ki lura da abu ɗaya game da Z86.718: ba ta faɗin gefe, ba ta faɗin jijiya, ba ta faɗin shekara, ba ta faɗin dalili. Duk bayanan da I82.412 ke ɗauke da su suna zubewa da zarar ciwo ya koma tarihi, alhali su ne likita na gaba zai bukata. Don haka in kina da hanyar magana da likitocin wurinku, ki roƙe su su riƙa rubuta layi guda cikakke, kamar haka: "Gudan jini a jijiyar cinyar hagu, 2023, ba a gano dalili ba, ya warke, yana shan apixaban 2.5 sau biyu don rigakafin dawowa. An sake auna haɗarin zubar jini yau." A fayil ɗin da ke hannunki, ki sa Z86.718 da Z79.01 a bayan lambar abin da ya kawo shi a wannan rana. Kafin ki rufe, ki karanta ɓangaren gwajin jiki. In an ambaci kumburi ko canjin launin fata a ƙafar hagun ba tare da an ba shi suna ba, ki aika wa likitan tambaya a kansa.